Faransanci, Sinanci da Jitar Gwanjo: Wanne Zan Ajiye?

Assalamu alaikum Kawu. Ni matashi ne ɗan shekara 24, ina tsaron shagon yayana a Kantin Kwari, muna sayar da shadda da yadi. Na ɗaura niyyar koyon Faransanci saboda baƙin da ke zuwa mana daga Kamaru da Chadi da Nijar, sai kuma na haɗa da Sinanci, don Yaya ya ce nan gaba ni zai riƙa turawa birnin Guangzhou na ƙasar Sin saro kaya. Duka biyun a waya nake koyo. Ana cikin haka na ga wata jitar lantarki ta hannu a Sabon Gari da 'yar amfilifayarta, wato akwatin da ke ƙara mata sauti, na kwashe abin da na tara na saya, domin tun ina yaro sautinta ke shiga raina. Yanzu wata shida ke nan, babu wanda na iya a cikin ukun. Baƙo ya yi mini Faransanci sai in daskare. Sinancin da na haddace jiya, yau ya gudu. Jitar kuwa ta farfasa mini yatsu, da na jona ta sai ƙugi, in na saita ta ba a jimawa ta sauka. Ga shi Baba bai san da ita ba, a ɗakin abokina nake ɓoye ta, don na san cewa zai yi gidanmu ba a gaji roƙo ba. Kawu, ko dai kaina ne ba ya ja? In sayar da jitar in huta, ko yaya zan yi?

Wani ɗanka daga Kano

Wa alaikumus salam, ɗana.

Kanka lafiyarsa ƙalau. Wanda ke riƙe da farashin yadi kala-kala a ka, ya yi lissafin dila ya fitar da riba baƙo na tsaye, ba a ce da shi kansa ba ya ja. Taura biyu ce ba ta taunuwa, kai kuwa uku ka cusa. Shawarata a taƙaice: kada ka sayar da jitar tukuna, ka kai ta gyara. Ka ajiye Sinanci. Ka riƙe Faransanci da hannu biyu. Sannan ka daina ɓoye wa mahaifinka. Bari in ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, in fara da jitar, domin a nan ne kake ɗora wa kanka laifin da ba naka ba.

Jitar lantarki ita ce mafi taushin dannawa a cikin jitoci. Tsirkiyoyinta sirara ne, kuma a kwance suke dab da wuya. Idan har bayan wata shida tana farfasa maka yatsu, to ita ce ba ta da lafiya. Ga gwajin da za ka yi da kanka. Ka ƙirga ƙarafunan nan da ke gicciye a wuyanta daga sama har ka kai na 12, galibi a nan ne ake sa ɗigo biyu. Ka zura katin ATM tsakanin ƙarfen da tsirkiya. A ƙarƙashin siririyar, kati biyu ya kamata su cike gurbin. A ƙarƙashin mai kauri, biyu zuwa uku, wato wajen milimita biyu. Idan ka ga huɗu ko biyar sun shige a sake, ka san dalilin ciwon yatsunka. Ko wanda ya shekara goma yana kaɗawa zai sha wuya da irin wannan jita.

Abin da ke kawo haka yawanci wuyan ne ya lanƙwashe. Katako ne, kuma tsirkiyoyi shida na jan sa dare da rana. Ga yanayinmu: damina ta kumbura shi, hunturu ya busar da shi ya tsuke, har ka ji bakin ƙarafunan na kartar tafin hannu. Jitar da aka ƙera don wata ƙasa mai danshi, ta sha zaman kwantena, ta zo ta yi hunturun Kano a rataye a shago, dole sai an sake saita ta. A cikin wuyan akwai wani dogon ƙarfe da ake juyawa da alanki don miƙar da shi. Kada ka taɓa shi da kanka yanzu. Masu gyara ma rubu'in zagaye suke juyawa su dakata su duba, domin in aka matsa shi ya karye, jitar ta tashi aiki. A gindin tsirkiyoyin kuma kowace tana da ɗan mazauninta da ƙananan notuna, da su ake sauke ta ko a ɗaga ta, ana kuma matsar da mazaunin gaba ko baya har sautin da ke fita a ƙarfe na 12 ya dace da na tsirkiyar in an kaɗa ta ba dannawa. In wannan bai daidaita ba, duk yadda ka saita ta, da ka gangara ƙasan wuya za ka ji kamar kai ne ka yi kuskure.

Saukar saiti kuwa, kafin ka zargi komai ka zargi tsirkiyoyin. Na tabbata waɗanda ka saye ta da su ne har yau a jikinta, sun yi tsatsa, sun gaji. Tsirkiya mai tsatsa tana yanka fata, ba ta kuma riƙe saiti. Ka sayi sababbin tsirkiyoyi masu lamba 9 zuwa 42, su ne masu laushi da suka dace da mai koyo. A naɗa kowace zagaye biyu ko uku a kan maƙunninta, a ɗan jajja ta da hannu, a sake saitawa, a maimaita har ta zauna. A ɗaure notunan maƙunnan idan suna rawa. Idan jitar irin mai sandar girgiza sauti ce, ka ce a ƙara matse sifirin ɗin da ke bayanta har gindin ya kwanta a jikin katako, ka cire sandar ka adana; mai koyo ba ya buƙatarta, kuma tana cikin manyan abubuwan da ke ɓata saiti. Manhajar saita jita kyauta ce a waya, sunayen sautukan tsirkiyoyin daga mai kauri zuwa siririya su ne E, A, D, G, B, E. Duk sanda ka gama, ka goge tsirkiyoyin da busasshen ƙyalle, domin gumin hannu ne ke cinye su.

Sai ƙugi. Abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, kuma ba sautin tsirkiya kaɗai yake ɗauka ba, har da kaɗawar wutar gida, wadda a ƙasarmu sau 50 take yi a daƙiƙa. Shi ya sa in kana kusa da talabijin ko cajar waya ko inbata ƙugin ke ƙaruwa, in ka juya jikinka ya ragu. Ɗan kaɗan ɗin nan halin jitar ne. Idan maɓallinta na zaɓen maganaɗisun da zai ɗauki sauti mai matsayi biyar ne, gwada na biyu da na huɗu, a jitoci da yawa ƙugin na ɗaukewa a nan. Sannan ka ɗora hannu a kan tsirkiyoyin ka saurara. In ƙugin ya ragu, lafiya. In bai canza ba ko ya ƙaru, akwai wayar da ta tsinke a ciki. Ka ari wata wayar jonawa ka gwada, don sau da yawa ita ce mai laifin. Ka duba ramin da ake soka ta ko notinsa ya kwance. Maɓallan ƙara sauti in suna ƙarar-ƙarar, ƙura ce. Duk waɗannan aikin mai gyaran rediyo ne da dalmarsa, ba sa cin kuɗi.

Abu guda ne a nan ba na so ka yi wasa da shi. Tsirkiyoyin jita a haɗe suke da jikin amfilifaya ta waya. Idan amfilifayar na da matsala, kuma wayarin ɗakin ba shi da wayar ƙasa, kamar yadda gidajenmu da yawa suke, ko an karya ƙafa ta uku ta fulogin, to wutar ta hannunka za ta bi. Ranar da ka ji wani tsir-tsir a yatsa da ka taɓa tsirkiya, ka zare fulogi nan take, kada ka sake jonawa sai mai gyara ya duba. Kada ka kaɗa ba takalmi a kan siminti mai laima. Ka kuma karanta abin da aka rubuta a bayanta: kayan da aka yi wa Amurka na wuta 110 zuwa 120 ne, tamu kuwa 230 ce. Akwai 'yar amfilifaya mai batir da ba ta wuce akwatin ashana biyu ba, ana soka ta a jikin jitar a sa abin kunne. Ga mai koyo a gidan mutane, ta fi wadda kake da ita amfani nesa ba kusa ba. In babu ita ma, jitar lantarki tana kaɗuwa ba jonawa, sautin ya ishe ka kai kaɗai, ba ruwanka da an kawo wuta ko an ɗauke.

Wa za ka kai wa? A Sabon Garin da ka saye ta akwai masu kaɗa jita a coci-coci da masu sayar da kayan kiɗa, sun san wanda ke gyara. Ka je da ladabi da kuɗin aikin mutum, ka roƙi ka zauna ka ga yadda yake yi. Idan ya hango wuyan daga sama ya ce maka ya murɗe, gefe ɗaya ya fi ɗaya tashi, ko akwai tsagewa a inda wuya ya haɗu da jiki, to kada ka ƙara zuba ko kwabo. Wannan kam ka rabu da ita, ka nemi wata, ka kuma tafi da wanda ya iya ranar saye.

Bayan gyara yatsu za su ɗan yi zafi, amma ba jini ba. Ka yanke farcen hannun da kake dannawa da shi, ka danna dab da bayan ƙarfe, ba tsakiyar gurbi ba, da ɗan ƙarfin da zai sa sauti ya fita tas kawai. Minti 15 zuwa 20 kullum, cikin mako uku ko huɗu kan yatsun zai yi kanta, zafin ya wuce.

Yanzu harsuna. Me ya sa na ce Sinanci za ka ajiye? Lissafi ne, kai kuma ɗan kasuwa ne. Cibiyar da ke koya wa jami'an jakadancin Amurka harsuna ta ƙiyasta cewa mai jin Turanci na buƙatar awa 600 zuwa 750 a aji kafin ya iya aiki da Faransanci sosai, Sinanci kuwa wajen awa 2,200. Wannan ga mutanen da ba su da wani aiki sai karatun, ga malamai a gabansu. Kai in ka samu rabin awa kullum, a shekara awa 180 ke nan da 'yan kai. Ka zuba ta duka a Faransanci, shekara guda ta kai ka inda za ka yi ciniki, ka yi gaisuwa, ka karanta takardar kaya. Ka raba ta biyu, ga abin da ka gani a wata shida. Kuma Turancin da ka yi a makaranta jari ne a Faransanci, kalmomi dubbai sun yi kama a rubuce. A Sinanci ba abin da zai tsinana maka, rubutun ma sai ka san alamomi dubu biyu zuwa uku kafin ka karanta jarida.

Ba cewa na yi ka yafe shi ba. Bahaushe ma yana da abin da Bature ba shi da shi a wajen Sinanci, domin harshenmu mai karin sauti ne, kunnenka ya saba da cewa hawa da saukar murya na canza ma'ana, Sinancin Mandarin kuma kari huɗu gare shi. Wannan baiwar ba za ta gudu ba. Mutanenmu da ke zuwa Guangzhou da Yiwu shekara da shekaru, akasarinsu da wakili da kalkuleta da fassarar waya suke ciniki. Ranar da Yaya ya sa maka lokacin tafiya, wata uku kafin nan ka zauna ka koyi ƙirga, launuka, awo, gaisuwa da "ya yi tsada". Zai zauna a kanka a lokacin, don ka san ranar da za ka yi amfani da shi.

Daskarewar da kake yi gaban baƙo ba abin mamaki ba ce. Manhajar waya tana koya maka gane amsa in an jera maka huɗu ka zaɓa. Baƙo ba ya jera maka amsa. Bakinka bai taɓa furta jimlar da ƙarfi ba, kunnenka bai saba da saurin mutane ba, sai ka ji kalmomin sun manne da juna, domin Faransanci haka yake: harafin ƙarshe sau da yawa ba a faɗar sa, wani lokaci kuma ya tsallaka ya liƙe da kalmar gaba. Maganin wannan a baki yake da kunne.

Ka samu littafin rubutu ka rubuta jimloli talatin da kake faɗa kullum a shago. Sannu da zuwa, wane launi kike so, yadi nawa, wannan ba ya zuba, farashin ƙarshe ke nan, a kai miki tasha? Ka nemi wanda ya iya ya mayar maka da su Faransanci, ya karanta maka ka ɗauka a waya. Su za ka maimaita da murya har su fita ba tunani. Sai ƙirga, wadda ita ce ke kayar da 'yan kasuwa: 70 a wajensu sittin da goma ne, 80 ashirin huɗu, 90 ashirin huɗu da goma. Duk farashin da ka faɗa wa mai saye da Hausa, ka sake faɗa wa kanka da Faransanci a zuci. A wuni guda za ka yi wannan atisayen sau ɗari ba ka ware masa lokaci ba. Nahawu kuwa kada ya tsorata ka. Aikatau huɗu, être da avoir da aller da faire (zama, mallaka, tafiya da yi), da lokuta uku, na yanzu da wanda ya wuce da wanda ke tafe, sun isa riƙe ciniki. Kowane suna ka koye shi da le ko la ɗinsa. Namiji da mace a suna ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, sai dai nasu ba ya bin namu, don haka haddacewa ake yi.

Ka lura da wani abu. Baƙonka na Maraɗi ko Damagaram Hausa zai yi maka, ba shi da dalilin wahalar da kansa. Kai za ka roƙa: "Alhaji, ina koyon Faransanci ne, don Allah mu yi cinikin nan da shi." Da yawa za su ji daɗi, har su gyara maka. Waɗanda suka zo daga Yawunde ko Duwala ko Njamena kuwa, ka daina turawa a kira wani ya yi tafinta. Jimla biyu ka fara koya don su: "a hankali don Allah" da "sake faɗa". Mai waɗannan biyun ba ya daskarewa.

Don kunne, gidan rediyon Faransa RFI na da labaran duniya na minti goma da Faransanci mai sauƙi, Journal en français facile, kuma ana sa rubutunsa a intanet. Ka fara sauraron labaran ranar da Hausa, ka san abin da ya faru, sannan ka saurari na Faransancin. Kada ka ce sai ka gane duka. Ka ɗauki minti ɗaya kacal, ka saurara kana bin rubutun, ka sake saurara kana faɗa tare da mai karantawa, sannan ka ɗauki muryarka ka kwatanta. Za ka ji inda wasulan hanci suka kuɓuce maka da kunnenka.

Gudun abin da ka haddace kuma halin ɗan Adam ne. Tun 1885 wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya auna yadda mantuwa ke aiki: mafi yawan sabon abu a kwanakin farko yake zubewa, amma duk sanda aka waiwaye shi bayan ɗan lokaci sai ya ƙara daɗewa. Wanda ya yi tilawar hadda ya san wannan ba sai an gaya masa ba. Abin da ka koya yau ka duba shi gobe, sai bayan kwana uku, sai mako, sai wata. Manhajar Anki wannan aikin take yi, katunan takarda a aljihu ma suna yi. Sababbin jimloli biyar a rana sun isa, in dai kana komawa kan tsofaffi.

Ina kuma so ka samu malami na jini da tsoka, ko sau ɗaya a mako. Akwai cibiyar koyar da Faransanci ta Alliance Française a Kano, ka je ka tambayi tsarin azuzuwansu da lokacin jarrabawar DELF. Takarda ce ta ma'aikatar ilimin Faransa, matakanta A1, A2, B1 da B2, ba ta kuma tsufa. Ana gwada ji da karatu da rubutu da magana, kowanne maki 25, ana cin jarrabawa da 50 cikin 100. Ka sa A2 a gabanka. Mai koyo shi kaɗai a waya ba wanda ke jiran sa, shi ya sa yake sakewa. Ranar jarrabawa da kuɗin da ka biya za su tashe ka.

Za ka ce to ai jitar ma lokaci take ci. Tana ci, amma ba daga rumbu ɗaya suke ɗiba da Faransanci ba. Harsuna biyu sababbi suna rububin wuri guda a ka, kalmar wannan ta ture ta wancan. Jita aikin yatsu ce da kunne. Ka ba Faransanci rabin awar bayan asuba, lokacin da kai ke sarari kafin hayaniyar kasuwa. Jitar ka bar mata bayan isha'i, sanda ka gaji da magana da lissafi. A lokacin hutu ce a gare ka. Minti ashirin kullum ya fi awa uku ranar da ba kasuwa, domin hannu a tsakanin kwanaki yake koyo, bayan an yi barci an tashi.

Kuma ka daina tsalle daga wannan bidiyo zuwa wancan. Ka koyi kamun yatsu huɗu, Em da Am da G da D, ka yi ta sauyawa tsakaninsu a hankali kana bin bugun manhajar ƙirga lokaci a kan bugu 60 a minti, har sauyin ya daina yankewa. Daga nan ka koyi tsanin sauti biyar da ake farawa daga gurbi na biyar. A nan za ka ji daɗi, domin kiɗan jitar Agadas da na Abzinawa galibi a kan sauti biyar ɗin nan yake tafiya, dangin abin da kunnenka ya taso yana ji a gurmi da garaya: babban yatsa na riƙe da tsirkiya mai kauri tana amo ɗaya, sauran yatsu na zuba kari a kan sirara. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa da ke zagaya duniya da jita yau, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, kuma a Sakkwato ya yi ɗaukar waƙoƙinsa ta farko a 2008. Irin waɗannan makaɗa da kunne suka koya, suna saurara suna nema a wuyan jita har su samu. Ka yi haka da ɗan gajeren kari guda a mako. Atisayen da kake yi wa minti ɗayan nan na rediyo da safe, shi ne dai wannan: saurara, kwaikwaya, ɗauka, kwatanta.

Bayan wata biyar ko shida, ka fara kallon darussan jita da Faransanci. Za ka gane da yawa don idonka na ganin abin da hannun malamin ke yi. Su Faransawa da do, ré, mi suke kiran sautuka, tsirkiyoyinka shida a wajensu mi, la, ré, sol, si, mi ne. Waƙoƙin Faransanci kuma suna gyara lafazi, amma kada ka ɗauke su malamin magana, don mawaƙi na ja ko haɗiye kalma yadda kari ya so.

Duk wannan tsarin ba zai yiwu ba muddin jitar na ɗakin abokinka. Wannan ne ya kawo mu kan Baba, kuma shi ne abin da ya fi damuna a wasiƙarka. Abin da kake taɓawa sai ka saci jiki sau ɗaya ko biyu a mako ba za ka iya shi ba. Ban da haka, Kano ba a ɓoye irin wannan. Wata rana wani zai tare shi a masallaci ya ce ya ga ɗansa da jita. A ranar ba jitar ce za ta yi masa ciwo ba, jin ta a bakin wani ne.

Ka fahimci tsoronsa. In ya ce ba a gaji roƙo ba, abin da yake hangowa shi ne ɗansa a gidan biki ana yi masa liƙi, ko yawon dare da abokan banza, shago ya lalace, salla ta yi rauni. Tsoron uba ne, kuma ya ga 'ya'yan wasu da hakan ta faru da su. Akwai kuma ɓangaren addini, wanda ba zan shafa maka mai a baki ba: malamai da yawa sun hana kayan kiɗa masu tsirkiya, wasu sun sassauta da sharuɗɗa. Ni ba mai ba da fatawa ba ne. Ka je wa malamin da ka yarda da iliminsa da tsoron Allahnsa, ka tambaya da niyyar jin gaskiya, ba da niyyar neman wanda zai faɗa maka abin da kake so ba.

Kada ka tunkari Baba kai tsaye da jita a hannu. Ka fara da Yaya, shi ya san ƙoƙarinka a shago, sannan Umma. Su za su san ranar da ya dace da bakin da ya dace. In an zauna, ka faɗi gaskiya duka: ka saya da kuɗinka, ka ɓoye don tsoro, ka gane ɓoyewar ba daidai ba ce, ba sana'a kake nema da ita ba, ba kuma wanda zai ji sautinta a gidan. Ka bar shi ya faɗi nasa har ya gama, kada ka katse shi da hujja. Zai iya yin shiru, wanda a wajen iyayenmu sau da yawa izini ne. Zai iya cewa ba a gidansa ba, wannan haƙƙinsa ne, sai ka nemi yardarsa ta zauna a wani wuri da saninsa. In kuwa ya ce sam, ra'ayina kada ka yi jayayya da mahaifinka a kan jita. Ka sassauta tsirkiyoyinta kaɗan, ka sa ta a jakarta nesa da rana da laima, ka ci gaba da Faransancinka. Shekararka 24, kuma iyaye kan sauko idan suka ga shekara ta zagayo yaro bai canza hali ba.

Tunda za ka zauna da Yaya, ka haɗa da roƙo biyu. Ka gaya masa ka ɗage Sinanci zuwa lokacin da tafiya ta matso, da dalilinka, don kada ya ɗauka ka yi watsi da maganarsa. Sannan ka roƙe shi ya bar maka duk baƙon da ya shigo da Faransanci, ko da cinikin zai ɗan ja lokaci. Don kada a yi asara, ku yi sharaɗi: kafin almakashi ya taɓa yadi, ka buga farashin da yawan yadin a kalkuleta ka nuna wa baƙon ya gyaɗa kai, domin 76 da 96 a bakin mai sauri suna iya rikita wanda ya fi ka daɗewa a harshen.

Kawunka